Wai dole ne sai an ɗaura aure a babin ƙarshe?

'Yar Wunti: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don tun jiya da na saki babi na 40, wato na ƙarshe a littafin da nake rubutawa, wayata ba ta huta ba. Ga waɗanda ba su bi labarin ba, ga shi a taƙaice. Jidda 'yar shekara 17 ce, ta gama NECO a nan cikin Bauchi, aka tura ta wajen kakarta a wani ƙauye da ke bayan Dass ta zauna kafin sakamako ya fito. A can ta haɗu da Sadiq, ɗan shekara 19, mai zama a shagon cajin waya na yayansa a bakin kasuwa. Wata biyu da 'yan kwanaki suka yi suna ganin juna, yawanci in ta kai wayar kaka caji. Da sakamako ya fito ta samu gurbi a jami'ar jiha da ke Gadau, shi kuma ya bi kawunsa kudu neman kuɗi. A shafin ƙarshe tana cikin motar Azare, ta cire rigar wayarta sai ta ga guntun tef ɗin da yake liƙa wa wayoyi yana rubuta lamba a kai, nata lamba 14. Ta mayar da shi yadda yake. Iyakar labarin ke nan. Babu baiko, babu lefe, babu ɗaurin aure. Yanzu mutum uku sun ce in mayar musu da ɗari biyar ɗinsu, wata kuma ta ce na ci amanar makaranta. Shin in ƙara babi biyar in aurar da su kowa ya huta, ko in bar shi haka?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni ce ta huɗu, ban dai yi magana ba ne saboda kunya. Haba 'yar nan! Babi arba'in ina binki, na sa data, ranar da Jidda ta kwanta zazzaɓi har tuwona ya kama ina karatu, sai kawai ki bar ni da guntun tef? Ko a tatsuniya ai ana cewa ƙurunƙus. Ke ko ƙurunƙus ɗin ba ki yi mana ba.

Ɗan Yalwa: Hajiya a yi haƙuri, amma da me Sadiq zai yi auren? Da jaka biyun da yayansa ke ba shi ran kasuwa? Ni fa abin da ya sa na bi littafin nan ke nan, karon farko da na ga saurayi a littafin Hausa wanda ba shi da kamfani a Dubai. Kullum sai dai ɗan shekara 27, miskili, ba ya dariya, motoci bakwai, ga shi likita kuma matuƙin jirgi. Sadiq kuwa silifas ɗinsa ma da ƙusa aka riƙe shi. Na ga kaina a ciki wallahi.

Maman Ilham: To ai shi ya sa ake karatun, ɗana. Talaucin da muke gani a gida ma ya ishe mu, sai kuma mu biya kuɗi a sake nuna mana shi? Ba sai ta yi tsalle ta ce bayan shekara shida ba? Ya dawo da abin hannunsa, ita ta gama karatu, a yi biki a tashi lafiya. Wa aka cuta?

Kawu Na Gwallaga: Ni nawa ƙorafin daban ne. Aure ko babu aure, me ya sa tun farko za a rubuta wa 'ya'yanmu labarin yarinya 'yar 17 tana soyayyar da ba ta nufi ko'ina ba? A tarbiyyarmu in yaro ya ga yarinya yana so, hanya ɗaya ce, ya nemi izini, a ce ya turo magabatansa. Wannan na a so juna wata biyu a rabu kowa ya kama gabansa, na Turawa ne. Yau an rubuta shi da tsabta, gobe wata za ta rubuta shi ba tsabta, tunda an buɗe ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yar Wunti: Kawu, da girmanka, ka karanta kuwa? Ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Duk hirarsu a bakin shago ce, gaban mutane, janareta na ƙara har sai sun ɗaga murya.

Kawu Na Gwallaga: Ban karanta duka ba 'yata, babi shida na gani a wayar 'yar ƙanena. Ban ce kin rubuta batsa ba. Abin da nake tsoro shi ne darasin da yarinya za ta ɗauka, cewa zuciya abar aro ce, a ba wani na hutu ɗaya a karɓe.

Auta: Ni dai Anti don Allah kar ki taɓa shi. Ina SS3 yanzu, kuma na karanta irin waɗannan na Turanci da yawa a manhajar karanta labarai ta Wattpad, na soyayyar hutun bazara. Yawancinsu haka suke, yarinya ta je wani gari hutu, ta haɗu da wani, in makaranta ta kusa komawa a rabu ko a bar abin a buɗe. Kuma in ka lura ba yaron ne kan labarin ba, ita ce, yadda ta tafi tana yarinya ta dawo ta san abin da take so. Naki ne na farko da na ga an yi haka da mutanen da na sani. Kakar Jidda sak kakata, har yadda take ƙulle waya a leda biyu saboda ruwa.

Bakatagumiya a Ingila: Auta ta taɓo inda nake so. Kalmar nan ta "hutun bazara" ita ke rikita mu. Abin da Turawa ke nufi shi ne watannin Yuni, Yuli da Agusta, lokacin da sanyi ya sake su. Sai ka zauna a nan za ka gane dalilin da suke haukacewa a kansa. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, a Yuni kuwa har bayan ƙarfe tara na dare da sauran haske. Yara suna hutun kusan sati shida a nan, a Amurka ma ya fi haka tsawo. Ana fita bakin teku, ana tafiye-tafiye, matasa na kama ƙananan ayyuka, iyaye na sassauta ido. Shi ya sa labarin ke da ranar ƙarewa tun daga shafin farko, kowa ya san Satumba na zuwa.

Mu kuwa bazararmu Maris zuwa Mayu ce. Wa zai yi soyayya a Azare a watan Afrilu da azahar? Ko kaza ba ta fita. Kuma lokacin ana tsakiyar karatu ne, ga JAMB ga WAEC a gaba. Dogon hutunmu a damina yake faɗowa, ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Abin da ya burge ni da littafin nan shi ne ba ta ari bakin teku da askirim ta dasa a Dass ba. Ta ba mu marka, ta ba mu masara gasasshiya da gyaɗa ɗanya dafaffiya, ta ba mu rafin da ya cika ya hana zuwa kasuwa kwana uku, har cajin wayar kaka ya ƙare ba dalilin fita. Babin nan na kwana ukun ya fi min duk sauran.

Ɗan Yalwa: Kuma a lokacin Sadiq ba hutu yake ba, da safe yana gona ana maimai, sai la'asar yake buɗe shago. Mu dogon hutu ai sunansa kawai hutu.

Malam Mai Alli: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Shekara goma sha tara ina koyar da Hausa a sakandare, bari in ɗan ja zaren baya, don Kawu ya ce abin na Turawa ne, Hajiya kuma ta ce dole sai da biki.

Ƙagaggun labaranmu na boko sun fara ne da gasar da aka shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Rupert East. Cikin littattafan da suka fito daga nan akwai na ɗan jiharmu, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin gari muna wucewa kullum. Littafin nasa, Shaihu Umar, labarin girman yaro ne daga farko har ƙarshe. An raba shi da uwarsa yana ƙarami, aka ƙetara hamada da shi, ya tashi a hannun wasu, ya zama malami. Uwar ta sha wuya tana nemansa, kuma da suka haɗu ba ta daɗe ba ta rasu. Ba wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Sannan a wannan zubin na farko akwai Jiki Magayi, wanda shi kam soyayya ce ta tayar da shi, kuma mai kuɗi ne ya aure yarinyar, saurayin ya tashi a tutar babu. Ke nan rabuwar masoya a littafin Hausa ta girmi duk wanda ke zauren nan.

Wannan sharaɗi na sai an rufe da ɗaurin aure ya yi ƙarfi ne da adabin kasuwar Kano, daga wajen tsakiyar shekarun 1980. Kuma yana da dalilinsa, ban raina shi ba. Yawancin littattafan lokacin faɗa suke da auren dole, to in yarinya ta auri wanda take so a ƙarshe, nasara ce ta gaske, an kayar da wani abu. Amma ita Jidda wa ya yi mata dole? Ba kowa. Abin da ke gabanta shi ne ko za ta ci jarrabawa, ko babanta zai iya biyan kuɗin rajista, ko za ta iya zama a garin da ba ta san kowa ba. In aka liƙa mata biki a ƙarshe, an amsa tambayar da littafin bai yi ba.

Kawu Na Gwallaga: Malam na ji, kuma na ƙaru. Amma kar ka manta waɗannan littattafan na kasuwa har ƙona su aka yi a Kano a 2007, saboda iyaye sun ga abin da suke yi wa 'yan mata a makarantun kwana.

Malam Mai Alli: An ƙona, Alhaji, ban musa ba. To sun daina karantawa? Da a ƙarƙashin filo ake ɓoyewa, mu kama mu ƙwace. Yanzu yana cikin waya, kuma abin da ke yawo a wasu zaurukan WhatsApp, wanda ake rubuta wa "na matan aure ne kawai" alhali 'yan JSS3 ke karantawa, ko rabinsa na da bai kai ba. Ni a ajina na sha ƙwace waya in ga abin da ba zan iya maimaitawa ba. In na samu littafin da yarinya za ta ga sa'arta ta so wani, ta kama kanta, ta wuce makaranta, wallahi da hannuna zan miƙa mata.

Wani abu kuma da ba mu cika lura da shi ba: ba mu da littattafan da aka yi domin 'yan 14 zuwa 18 su kaɗai. Daga tatsuniya sai yaro ya faɗa labarin kishiya da uwar miji. Tsakanin nan fili ne fetal.

Admin: Jama'a a ci gaba amma a kiyaye harshe. Wanda ya turo tallan atamfa a tsakiyar muhawara na goge, kar a sake.

Anti Nas: Ban so yin magana ba, amma Kawu ya ce na Turawa ne, sai na kasa haƙuri. Kawu, a gidajenmu yake faruwa, ba ma dai faɗa ne.

Shekarar da na gama sakandare aka kai ni wajen gwaggona a Misau, don ta haihu ba mai taimaka mata. Akwai wani yaro a maƙwabta da ke koya wa ƙannensa lissafi a zaure da yamma, da gawayi yake rubutu a jikin bango don ba allo. Ni kuma lissafi ne ya kayar da ni a WAEC, ina jiran NECO ina ta fargaba. Sai na riƙa tsayawa a bakin zauren da goyon jaririya kamar ina rarrashinta, alhali bangon nake kallo. Ran nan ya juyo ya ce, in kina so ki shigo ki zauna, tsayuwa da goyo da wuya. Iyakar abin da ya fara haɗa mu ke nan. Wata biyu ya koya min abin da malamai suka kasa a shekara uku. Ya ce yana sona ranar da zan tafi, a bakin mota, gwaggo na tsaye, da ƙyar na ji shi. Na ce to. Wallahi "to" kawai na ce.

Mun yi waya sau huɗu ko biyar, daga nan abin ya mutu da kansa. Ba faɗa, ba cin amana. Na shiga makarantar koyon jinya, na yi aure da wani, 'ya'yana uku, ina zaune lafiya alhamdulillahi. Amma duk ranar da nake lissafin ɗigon ruwan da za a ƙara wa majinyaci, bangon nan mai gawayi nake gani. Ba sonsa nake ba, kar a fassara ni. Shi ne dai mutum na farko da ya ɗauke ni a mai hankali. Da na kai wajen tef ɗin nan mai lamba 14 sai da na ajiye waya na shiga ɗaki.

Maman Ilham: Ikon Allah. Anti Nas kin sa jikina ya yi sanyi. To amma ke ba ki taɓa cewa da ma shi kika aura ba?

Anti Nas: Ko sau ɗaya, Hajiya. Da na aure shi a lokacin da yanzu ba wannan zancen muke ba, da ina can ina jin haushinsa a kan kuɗin cefane.

Ɗan Yalwa: Hahaha Anti kin gama magana.

Kawu Na Gwallaga: Allah Ya rufa asiri. Ke Allah Ya tsare ki, kuma gwaggonki na tsaye. Ba kowace ke samun gwaggo a tsaye ba, wannan shi ne tsorona. Amma na yarda abin yana faruwa. In za a rubuta, to a rubuta har da idon manya a kai.

'Yar Wunti: Kawu ai kakar ta sani tun sati na biyu. Akwai wurin da ta ce wa Jidda, wayar nan tawa da can sati take yi ba caji, yanzu kullum yunwa take ji. Daga nan ta riƙa haɗa ta da ƙaramin jikanta in za ta shago. Ka ƙarasa karantawa don Allah, ni zan turo maka kyauta.

Na Mainamaji: Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen. Ni ƙarshen bai dame ni ba, babi na 23 ne ya dame ni, inda matasan ƙauyen suka yi hayar mota suka je Yankari. Ƙanwata, a bakin ƙofar dajin nan aka haife ni. A watan Agusta ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun bazu cikin daji ba abin da zai kawo su bakin hanya. Ke kuma kin sa sun ga garken giwaye, sun ga ɓauna, har da zaki yana hamma. Mai son ganin dabbobi da rani yake zuwa, lokacin da ƙishirwa ke tara su a kogin Gaji. Zaki kuwa, akwai ma'aikatan da suka yi shekaru ba su sa shi a ido ba. Abin da za su gani tabbas a damina shi ne gwaggon biri yana sace musu abinci, da gadu yana yawo a sansani kamar akuyar gida. Ruwan Wikki kam kin faɗi daidai, ɗuminsa ba ya canzawa rani da damina, yana nan wajen digiri 31.

Sannan daga Dass zuwa can ba nan kusa ba ne, sai an shigo Bauchi an ɗauki hanyar Gombe kafin a karkata. Wace kaka ce za ta bar 'yar amana ta yi wannan tafiyar da samari?

'Yar Wunti: Yaya ka kama ni dumu-dumu. Ban taɓa zuwa Yankari da damina ba, sau ɗaya aka kai mu daga makaranta a watan Fabrairu. Gaskiya babin nan na sa shi ne don an yi ta min magana cewa labarin ba ya motsi, kullum shago, gona, gidan kaka. Har ni ban ji daɗinsa ba lokacin da nake rubutawa.

Malam Mai Alli: To kin ga ni. Wuri ɗaya da kika bi son makaranta kika bar abin da kika sani, shi ne wurin da aka kama ki. Yanzu kuma kina shawarar ki sake yin haka har babi biyar.

Bakatagumiya a Ingila: Ki cire Yankari ki hau da su duwatsun Dass ɗin nan da ke bayan gidan kakar. Da damina ai sun fi ko'ina kyau, kuma da ƙafa za a je, da yaran unguwa a biye.

Auta: Amma Anti tambaya ɗaya. A babi na 38 da Sadiq ya ce zai jira ta, me ya sa ta ce kar ya jira? Na karanta wurin sau uku. Tana sonsa fa.

'Yar Wunti: Auta, saboda ta ga yayarta. Ki koma babi na 5, yayar da aka sa wa rana tun tana aji biyar, saurayin ya yi shekara huɗu yana jira yana kawo kayan salla, har ya zama ba ta isa ta ce ta fasa ba ko da ranta ya canza, saboda an ci nasa. Jidda ba ta son ta ci bashin da ba ta san ko za ta iya biya ba. Ita kanta ba ta san wace ce za ta zama bayan shekara huɗu a Gadau ba, ta yaya za ta ɗaure wani da alkawari? Na so in faɗi haka a fili a littafin, sai na ga gara mai karatu ya haɗa da kansa. Wataƙila na ɓoye shi da yawa.

Malam Mai Alli: Ba ki ɓoye da yawa ba. Tazarar babi 33 ce ta yi yawa ga mai karanta babi ɗaya a kwana biyu. Ki sa yayar ta kira ta a waya wajen babi na 30, ko magana biyu ce, don a tuna da ita.

Maman Ilham: Ni dai har yanzu ina kan bakana, biki ya fi daɗi. Amma na fasa karɓar ɗari biyar ɗin. Sharaɗi ɗaya, ki yi mana littafi na biyu, ko ba Sadiq ba ne a aurar da yarinyar nan in ga kayan ɗakinta kafin in mutu.

Ɗan Yalwa: Hajiya a na biyun ma Sadiq na nan yana tara kuɗin akwati ɗaya.

'Yar Wunti: Na gode ƙwarai jama'a. Ƙarshen yana nan yadda yake. Babi na 23 zan rushe shi in sake, zan kuma ƙara kiran yayar kamar yadda Malam ya ce. Waɗanda suka nemi kuɗinsu su turo lambar asusu ta akwatina, zan mayar daren nan. Hajiya ban yi alkawarin na biyu ba, amma masa biyu da miyar taushe suna kaina duk ranar da kika shigo Wunti. Yaya Na Mainamaji, in na gama gyaran zan fara turo maka kafin kowa.

Na Mainamaji: Turo. Amma ni Dass ban san ta ba sosai, sai dai ki nemi ɗan can ya duba miki duwatsun.

Kawu Na Gwallaga: 'Yata, kin ce za ki turo min. Daga babi na 7 na tsaya.